Tunkiyar da Ba Ta Ga Bagade Ba

Daga Arbel ta Galili, lokacin girbin sha'ir.

Zuwa ga ƙanena Dostai,

Salama gare ka. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Zosima da yaran da ban taɓa gani ba. Mu nan lafiya lau, in ban da Baba.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata bayan shekara tara. Baba bai san na rubuto ba, don ba a ambatar sunanka a gidan nan tun ranar da ya kore ka saboda bin Yesu Banazare. Yanzu idanunsa sun tafi, abinci ma sai da lallashi. Abin da ke cinsa kuwa tunkiya ce. Kada ka yi dariya.

Lokacin yaƙi zazzaɓi ya rikita masa kwanaki, ya tashi ya datse rassan inabi ranar Asabar, ranar da aka hana aiki, bai sani ba. Da ya gane, sai ya ware 'yar tunkiya marar lahani, ya ce ita ce hadayar zunubinsa, zai kai ta Urushalima da zarar hanya ta buɗe. Kafin hanya ta buɗe Romawa sun ƙone Haikali. Ka dai san doka, abin da aka keɓe ba a yanka shi a gida, ba a tatsa, ba a aske shi. Shekara shida ke nan ina bautar tunkiyar nan. Gashinta har jan ƙasa yake, ta cinye min albasa ya fi a ƙirga, ni kuwa ko dukanta ba dama, kada ta yi tabo.

Kullum da safe sai ya lalube ta tun daga kai har kofato. Jiya ya ce min, "Shappira, in na mutu wa zai karɓe ta? Da kayana zan tafi ke nan." Na ce, "Haba Baba, don rassa huɗu?" 

Tsoro nake ji kada ya mutu da wannan nauyi a ƙirji. Ku da kuka ce kun sami hanyar gafara, ka turo min abin da zan gaya masa.

Yayarka,
Shappira


Zuwa ga ƙanena Dostai,

Salama. Ina gaishe ka da iyali, da fatan zafin garin Fella bai dame ku ba. Amsarka ta iso, kuma har yanzu rubutunka kamar tonon kaza.

Na yi ƙarfin hali na karanta masa. Ka ce jinin tumaki inuwa ne kawai, ka ce Yesu ne Ɗan Ragon da aka miƙa sau ɗaya domin kowa, saboda haka ba sauran abin da ake jira daga bagaden hadaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mutum ba tunkiya ba ne. Ni wanda zan ɗora wa hannu na faɗi laifina nake nema." Dattijo Hilfai na majami'a ma ya zo, ya ce masa yanzu tuba da sadaka sun tsaya a madadin hadaya. Baba ya gode masa, ya juya fuska bango.

Amma ga abin da ya sa na sake rubutowa. Da Hilfai ya fita, Baba ya ce, "Ke ba ki gane ba. Tunkiya ta laifin rashin sani ce. Abin da mutum ya yi idonsa biyu, ko Haikali na tsaye ba firist ɗin da zai karɓa." Na tambaye shi me ya yi, ya ƙi faɗa. Sai ya ce, "Shi ya rubuta da hannunsa?" Na ce e. Ya karɓi takardar, tun lokacin tana cikin rigarsa.

Dostai, wa'azinka ya yi kyau, amma ba a ɗora wa takarda hannu. Ka bar sassaƙar nan taka ka haye Kogin Urdun ka zo. In kana jin tsoron ya sake korarka, ka sani ko tashi tsaye ba ya iyawa.

Yayarka mai jiranka,
Shappira


Zuwa ga matarmu Zosima,

Salama gare ki, ya yara, ya kaɗaici? Mijinki ya iso lafiya. Ni ce na rubuto don shi in ya ɗauki alƙalami sai kuka. Baba ya rasu shekaranjiya da hantsi, don haka Dostai zai zauna makoki na kwana bakwai kafin ya dawo.

Ranar da ya iso, Baba ya ji muryarsa a ƙofa bai ce masa sannu ba. Cewa ya yi a kawo tunkiya. Na jawo ta tana turjewa, ya dafa kanta, ya buɗe baki ya kasa. Ya ce, "Ba nata ba ne. Ba za ta iya ɗauka ba." Sai Dostai ya durƙusa, ya cire hannun daga kan tunkiyar ya ɗora a kansa, ya ce, "To ɗora min, Baba."

Nan muka ji abin da ya ɓoye shekara bakwai. Da Inna tana jinyar ajali ta yi ta kiran Dostai, aka tashi ɗan aike, Baba ya tare shi a bakin gari ya mayar da shi. Baba ya dawo ya ce mata ɗanta ya ƙi zuwa. Da wannan ta mutu. Zosima, ni na yi jinyarta, kuma ni ma na yarda, na daɗe ina riƙe da mijinki a zuciya. 

Dostai na durƙushe, hannun Baba na kansa. Na ɗauka tashi zai yi ya fita, kuma da ya fita ba zan ga laifinsa ba. Sai ya ce, "Ya yi nauyi, Baba. Amma ni ma an ɗauke min nawa ban biya da komai ba. Na yafe maka."

Baba ya ce, "Ni ban san Ubangidan nan naka ba. Amma kayan ya sauka." Can kuma ya ce, "Kai, yaushe ka yi sanƙo?" Muka fashe da dariya muna kuka. Ranar ya ci gurasa da miyar wake har ya nemi ƙari, ya sa ɗansa kusa da shi kwana uku yana tambayar sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya.

Tunkiyar tana nan, tun da ya rasu take zuwa bakin ɗakinsa da safe tana jira a lalube ta. Yau ta sake shiga albasata. Na ɗaga sanda, sai na ga na ajiye, na zauna a ƙasa ina shafa kanta.

Ki gaishe min da yara, ki gaya musu kakansu ya haddace sunayensu duka.

Taki,
Shappira