Maki Ɗaya a Bakin Gada

Asabar, 3 ga Mayu

Wasanmu na ƙarshe da Yaya kafin ya tafi wurin sabon aikinsa. Ni ke jan labarin, su uku kowa da jaruminsa a ciki, suna jefa ɗan lido a kan teburin falo don neman maki: Yaya, Tela da Malama.

Jarumin Yaya ya tsaya a bakin gada zai jefa sihirin wuta, maki ɗaya ya gaza. Ya ce in ƙara masa, ai shekara biyu yana zuba duk makinsa a kan takobi. "Auta, hannun da ya san takobi haka, wutar ma ta cikinsa za ta bi." Na ce ƙwarewar makami daban, sihiri daban. In na ba shi, Malama da ba ta da komai sai sihiri ta ci me?

Jarumin ya faɗa kogi. Yaya ya yi dariya, ya ce ni da doka sai Allah.

Litinin, 5 ga Mayu

Ya tafi. Ya manta silifas ɗinsa a bakin ƙofa.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun yi wasa mu uku. Babu mai yi min gardama, awa ɗaya muka gama. Malama ta zo da lissafi shafi guda, wai gaskiyata ce, ƙarin makin zai sa mai takobi ya fi kowa. Na yi mata godiya. Ban ji daɗi ba.

Tela ya zuba shayi kofi huɗu, sannan ya tuna.

Laraba, 4 ga Yuni

Yaya ya kira. Abinci, haya, zafin garin. Can a ƙarshe: ya sami wasu 'yan wasa, kuma mai jan labarinsu ya yarda da ƙarin. "Mutumin kirki ne," in ji shi.

Mutumin kirki. To.

Jumma'a, 13 ga Yuni

Na sake karanta dokar a littafin wasan. Ba ta ce a ba da ba, amma fa ba ta hana ba. Na rubuta da fensir: maki ɗaya, in sihirin ta cikin makamin ya fita. Gyara ne kawai, da ma ina da niyya. Kuma babu wanda ya ga gawar jaruminsa a kogin.

Na tura masa hoton shafin, na ce za a iya jingina waya da butar shayi gobe ya yi wasa da mu ta bidiyo, in yana so.

Ya amsa: "Ƙarfe nawa?"