A Faɗa Mini Abin da Jan Bik Ya Ce

Zuwa ga shugaban makarantar da ke koya wa masu jinya rubutun harshen ƙasar Suwed, da malamar da ke koyar da ɗiyata Zeinabu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da sanyin ƙasarku. Sunana Kande, daga Ollelewa cikin Damargu. Ban yi lakwal ba, wato boko, ko alif ban sani ba. Maƙwabciyata Malama Rabi ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ta ce za ta juya wasiƙar da Faransanci ta sa a waya inda kowa zai gani. To kowa ya gani. Abin da nake ɓoyewa ya riga ya fita.

Na farko. Zeinabu autata ce. Shekara shida tana aikin jinya a Tanut, allura da awon ciki duk ta iya, kafin ta bi mijinta can. Kuka ce hannunta ba zai taɓa mara lafiya ba sai ta iya rubuta harshenku. Ban yi musu ba, garinku ne. Shekara biyu ke nan tana fama. Duk takardar da aka maido mata, sai ta ɗauki hotonta ta turo a wayar wanta Isuhu, in tofa mata addu'a. Haka muke yi, ba mu taɓa fashi ba.

Na biyu, nan ƙarata take. Bayan sallar layya da sati biyu aka ce musu kowa ya rubuta labarin wani mara lafiya da ya sani. Yarinyar nan ta rasa wa za ta rubuta sai ni. Akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin hammatata ta hagu, tun kakar bara, ba ya ciwo, amma yana girma. Ita kaɗai na faɗa wa, don ita ce ta san magani. Ko Isuhu bai sani ba. Ranka ya daɗe, mu nan ba ma rubuta ciwo. Abin da ake rubutawa waraka ce, malam ya rubuta a allo a wanke a sha. Ciwo kuwa in ka kira sunansa ma sai ka ce Allah ya raba. Ku ga shi kun sa an zaunar da nawa a takarda, da sunana da shekaruna. Wa ya tambaye ni?

Na uku. Hoton ya iso ran Talata. Isuhu ya miƙo mini, har na ɗaga zan tofa, sai Rabi ta ce ga sunana a ciki. Suna ko da wane harshe ne ana gane shi. Kafin a jima Zeinabu ta kira tana cewa a goge, a goge, kuskure ta yi. Ashe tun daga bakin aji ta turo, ba ta karanta ƙasan ba. Na ce ba mai gogewa.

Na saba ganin jan bik, jan biron malama, a takardunta, 'yan ɗigo-ɗigo a kan baƙaƙe, nan a ja, can a zagaye. Wannan daban ne. Layi huɗu ne cur a ƙasa, an ja musu layi biyu, har bik ɗin ya kusa huda takardar. Rabi malamar lakwal ce, ta ce gyaran kuskure ba ya tsawo haka. An kuma ce mini ke Madam kin yi aikin asibiti kafin ki koma koyarwa. To me kika gani?

Na huɗu. Na yi yawo da hoton nan. Liman ya ce ba nasa ba ne. Daraktan lakwal ya juya shi ya ce ba Faransanci ba ne. Majo, babban mai jinya na asibitinmu, bai iya karantawa ba, sai ya ce in ɗaga hannu ya duba, da ya duba ya ce in tafi babban asibitin Damagaram. Rabi ta ce waya na iya fassara. Ta gwada a gabana, ta kalla, ta kife wayar a cinya ta ce reso, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Rubuta, Rabi, kar ki tsallake, kin san haka aka yi.

Zeinabu kuwa sai cewa take, ba komai, Inna, ba komai. Amma ga ta tana neman jirgin zuwa gida, jarrabawarta saura wata ɗaya. Wadda ta ƙi zuwa bikin ɗan wanta don kar ta rasa darasi! Ba komai ne zai taso ta? Tun ran nan tuwo ba ya wuce mini. Mutum huɗu sun san abin da ke jikina, ni mai jikin ban sani ba.

Ga roƙona. Madam, ki faɗi layi huɗun nan da bakinki a waya, a sami Bahaushen da ba ɗana ba ya juya mini su yadda suke, kar a rage. Ni tsohuwa ce, na binne miji da 'ya'ya uku, zan iya ji. Rashin sanin ne ke kashe ni. Sannan ku riƙe Zeinabu ta yi jarrabawarta, ku ce mata na yarda, ran kasuwar Tanut Isuhu zai sa ni mota zuwa Damagaram. Takardar kuma ku ba ta abarta, kar ta kwana cikin ta mutane. Gaba in za ku ba yara irin wannan aiki, ku ce su tambayi mai ciwon tukuna.

Ban ce kin yi mugunta ba, Madam. Wataƙila ma taimakona kika yi. Allah ya saka miki, ya ba ku lafiya ku da iyayenku, ya sa ɗiyata ta ci. Amma don Allah amsar ta zo kafin in hau motar nan. Ba na so in fara ji daga bakin baƙo, ina kwance a gadon asibiti.

Wassalam.

Kande, uwar Zeinabu, Ollelewa.