Damin Shinkafar da Dada Ta Yafe

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Filaye na gefen Njuwa,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Hajara, ina sayar da kayan miya a babbar kasuwar Jimeta. Na rubuto a fili ne saboda na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka. Kullum sai a ce ka fita, ko fayil bai sauko ba, ni kuwa tumatirina yana can yana ruɓewa.

Na ɗaya, asalin maganar. Muna da gonar shinkafa a fadamar tafkin Njuwa. A gidanmu uwa ce ke ba 'ya. Kakata ta ba mahaifiyata, Dada, ita za ta ba ni, ni kuma in ba 'yata Safiya. Ba mu da takarda, don lokacin da kakanninmu suka sare wurin babu wanda ya san safiyo. Shaidarmu ɗaya ce, kuma kowa a bakin tafki ya san ta: idan ka ara wa mutum gona, duk kaka zai kawo maka dami ɗaya a gaban maƙwabta. Damin nan ba haya ba ne. Shi ke faɗa wa gari wane ne mai wurin.

Na biyu. Shekarar da rikici ya koro mutane daga arewacin jiha, suka cika Yola da 'ya'yansu a goye, Dada ta ara wa gida uku gonar. Da kaka ta yi, dattijonsu, Malam Bitrus, ya ɗauko damin a ka ya kawo. Dada ta dubi yaransa, ta ce ya mayar, ba za ta ci shinkafar mutumin da ya baro kabarin iyayensa ba. Kawuna ya ja mata kunne, ta ce kunya ba za ta bar ta ba. Haka aka yi ta yi duk shekara, yana kawowa tana mayarwa, har ya daina ɗaukowa.

Na uku. Bana ma'aikatanka suka zo, suka tambayi waɗanda suka tarar a gonar wa suke kai wa dami. Bayin Allah suka faɗi gaskiya, ba kowa. Ba a jira sauran maganar ba, aka rubuta wurin fili marar mai shi, aka kafa turakun siminti a tsakiyar kunyoyi. Al'adarmu suka sani rabi, kuma da rabin suka yanke mana hukunci.

Na huɗu, ba ni kaɗai ba ce yanzu. Ana maganar haƙƙin 'yan asalin bakin tafki a rediyo, samari suna yaɗa hoton gonar a waya, matan layinmu a kasuwa suna tsare mini tebur in zan tafi ofis. Malam Bitrus da mutanensa sun zo har sau biyu don su ba da shaida, aka ce sunansu ba ya cikin jerin waɗanda za a saurara. Na gode wa kowa, amma gaskiya na gaji. Damina ta kama, kuma turakun suna nan inda aka kafa su.

Roƙona kaɗan ne. A dakatar da rabon gonar nan. A kira Malam Bitrus da dattawan unguwa a ji ta bakinsu. A kuma rubuta wurin da sunan Dada tun tana da rai.

Tsohuwar nan ba ta iya tashi yanzu. Shekaranjiya ina shafa mata mai a ƙafa, Safiya na zaune, sai ta ce, "Hajara, da na karɓi damin nan." Ban taɓa jin ta yi nadamar alheri ba sai ranar. Safiya ta dube ni tana jiran in ce wani abu. Ranka ya daɗe, amsarka ce za ta koya wa yarinyar nan ko kakarta ta yi daidai.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama da iyayenka lafiya, ya kiyaye hannunka daga haƙƙin wani.

Wassalam.

Hajara 'yar Dada,
Jimeta.