Takabar Kaka Ajuma

Matankari, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Hisham,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Faransa bai kayar da kai ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Hoton kabarin da ka turo ya tsaya mini a rai. Ashe kakanmu Garba bai gudu ba! Ashe zazzaɓi ne ya kashe shi a asibitin soja, lokacin yaƙin da Faransa ta yi a ƙasar Indoshin. Ka san abin da aka shayar da mu tun muna yara: Zaidu, wanda Nasara suka ɗauke su soja tare, ya dawo ya rantse cewa Garba ya auri wata can, har ya ce shi da ƙasarmu ta Arewa har abada. Alƙali ya raba auren, Zaidu ya auri Kaka Ajuma. Tun daga nan take tsine wa Garba. Babanmu, da aka haifa bayan tafiyar Garba, ya koma ga Allah ana ce masa ɗan gujajje.

Ka ce in rufe bakina, wai tsofaffi ne. Ba zan rufe ba.

Yayarka,
Mas'uda

Matankari, 20 ga Maris

Ƙanena Hisham,

Ina gaishe ka. Yaya karatu, yaya jiki?

Na nuna wa Kaka hoton a gaban Zaidu. Wallahi ko musu bai yi ba. Ya ce shi da hannunsa ya rufe wa Garba ido. Wai da ya faɗi gaskiya, da ta aure shi zuciyarta na wurin mamaci, shi ya sa ya ba ta wanda za ta ƙi. Har da murmushinsa, tsohon banza.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta cire 'yan kunne, ta daina kwalli, ta shiga takaba. Liman ya aiko cewa babu takaba a gidan miji mai rai, ta ce mijinta ya rasu, yanzu labari ya iso.

Mutane har daga Sukukutane suna zuwa ta'aziyya. Suna wuce Zaidu a zaure kamar turmi. Kullum da safe takan ajiye masa fura, ta tsaya a kansa tana yi wa Garba addu'a da ƙarfi, ba ya sha sai ya ce amin. Jiya ya ƙi cewa, ya wuni da yunwa. Yau ya ce. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ta ce ka koma kabarin, ka gaya wa Garba an sa wa ɗansa suna Munkaila.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Mas'uda