Fiton Babanku

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da cikakken hankalina, ƙafafu ne kawai suka juya mini baya. Likita yana ta kwana-kwana, amma na gane inda ya dosa.

1. Piyano na Auta ne. Da shi na fara, lokacin ina waƙar tallan sabulu a rediyo, ina ƙwala murya kamar ana bi na da gudu. Da ciwon maƙogwaro ya tafi da babbar muryata, na yi kukan wata biyu. Zaman shirun nan ne ya buɗe mini kunne. Na ji ruwan sama a kan rufin kwano, na ji gurnanin firiji, na fara ɗaukarsu a kaset ina shimfiɗa 'yar muryar da ta rage a kai. Wasu suka ce kiɗan sa barci nake yi. Ban musa ba, ke ma Auta da shi na yaye ki.

2. Littattafan da na rubuta waƙoƙi a ciki, ku bar su wuri ɗaya. Wanda ya iya karanta rubutuna ya more.

3. Ke Babba, shekara biyu ba ki gaisa da ƙaninki Dogo ba. Kin san ba na ɗaukar sauti a ɗakin da aka toshe, taga a buɗe nake aiki, abin da ya shigo ya shigo. Haka fiton babanku ya shiga waƙata ta ƙarshe, yana gyaran fanka a falo, mako uku kafin rasuwarsa. Da waƙar ta fito babu fiton, kika ce Dogo ya share ubanku kamar datti, don shi ke tace mini sauti. Ni na sa shi. Na kasa jin fiton nan ba tare da numfashina ya tsaya ba, kuma na ji kunyar faɗa miki. Dogo ya roƙe ni in bari, na ƙi. Ya goge yana hawaye, ya kuma rufa mini asiri har yau. Laifina ne, ki yafe mini, ki nemi ƙaninki.

4. Kaset na asali yana nan, da fiton a ciki, a ƙasan akwatin zannuwana. Naki ne, Babba. Tsohuwar na'urar da ke iya juya shi kuma ta Dogo ce, kuma na hana a fitar da ita daga gidansa. Ku san yadda za ku yi.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. Ku riƙe juna, ku riƙe Auta. Ranar da za ku saurara, ku zo da ita ku zauna ku uku, don ita ba ta taɓa jin waƙar da fiton a ciki ba.

Mahaifiyarku.