Dilon da Aka Zubar Mana Ranar Zuwan Baƙi

Zuwa ga Mai Girma Kumandan mai mulkin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ni ce Saude, daga wani ƙauye kusa da Issawane. Ban saba rubuta wa manya takarda ba, abin da idona ya gani ne ya hana ni yin shiru.

Ranka ya daɗe, damina ta ƙi, rumbuna sun ƙare, mazanmu sun tafi cin rani kudu. Mu mata muka ga zaman jira ba zai ciyar da yara ba, sai muka kama sana'ar dilo, wato 'ya'yan itacen dajin nan da ake kira anza. Ɗanyensa ɗaci ne da shi kamar maɗaci. Sai an ɓare shi, an jiƙa a randa, ana sauya ruwa kullum har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Kowane ruwa daga rijiya mai zurfi muke jawo shi da hannunmu. Ni da maƙwabtana muka haɗa randunanmu a ƙarƙashin wata rumfa a gefen kasuwa, muna sayarwa ludayi-ludayi. Da cinikin nan nake saya wa yarana ɗan hatsi da gishiri, ban roƙi kowa ba.

Ga kokena.

Na farko: ranar kasuwar da aka ce manyan baƙi za su zo duba halin da muke ciki, masu kaki suka zo da hantsi suka ce dilo abincin yunwa ne, ganinsa zai kunyata ƙasa. Na ɗauka za a ce mu matsa bayan gari, da mun matsa. Wallahi ina tsaye aka tuntsurar da randunan, aka bi su da gindin bindiga. Aikinmu ya malale cikin rairayi, awaki suka taru a kai.

Na biyu, wanda har yau nake juya shi a raina ban gane ba: a daidai wurin da aka share mu aka jera buhunan gero da aka aro daga shagunan 'yan kasuwa. Baƙi suka zo, suka shafa buhuna, suka yi murmushi, suka hau motocinsu. Kafin la'asar masu gero sun kwashe kayansu. Da motocin taimakon abinci suka fito daga baya, ta bakin garinmu suka wuce ba su tsaya ba, an ce mu muna da abinci. Mutanen da suka taso don su ga yunwarmu, su aka ɓoye wa ita!

Na uku: har yanzu ba a ɗage hanin da aka yi mana na sayar da dilo ba, ga shi anza ta fara zubar da 'ya'yanta. In lokacinta ya wuce, sana'ar ta mutu sai wata shekara. Tukunya ɗaya ta rage mini, ba ta isa jiƙo mai yawa ba. Yara ba su iya jira, sai na dafa musu wanda ɗacinsa bai gama fita ba. Autata Hawa'u tana ci tana amai, tana kuma miƙo hannu a ƙara mata.

Don haka ina roƙo a bar mu mu koma rumfarmu tun anza tana da sauran 'ya'ya, a kuma maye mana randunan da aka fasa. Ba mu nemi kyauta ba, aikinmu muke so a sakar mana. In baƙin nan za su dawo, a kawo su gidana da rana tsaka, ni zan buɗe musu tukunyar da kaina.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya sa kada 'ya'yanka su taɓa sanin ɗanɗanon abin da nawa suka ci yau.

Wassalam.

Saude mai dilo