Piyanon Zumuntar Mata

Wara, 4 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga ɗana Dauda, shagon gyaran rediyo, bakin kasuwar Yelwa.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ni na rubuta da hannuna, ba malamin ajin yaƙi da jahilci ba. In ka ga layi ya karkace, ka bi shi a hankali, zai kai ka.

Bayan gaisuwa, ina piyanon zumuntar mata? Sati biyar ke nan da na aiko maka shi, kuma madanni ɗaya tak ya maƙale. Ka san shugabarmu Tamada ta so a kai shi Kontagora. Ni na miƙe gaban mata talatin na ce ɗana ya fi na Kontagora. Babban taronmu ranar talatin ga wata ne, mata za su zo daga Shanga da Ngaski, wasu ta jirgi.

Abubakar direba ya ce ya leƙa shagonku ya ga an feɗe piyanon kamar kifi, hanjinsa duk a waje. Na ce masa ƙarya yake. Dauda, ƙarya yake, ko?

Wani abu kuma, murafan kwanukana huɗu sun ɓace. Na daina gaida Dudu maƙwabciyarmu.

Ka ci abinci. Ka huta lafiya.

Innarka, Laraba

Yelwa, 9 ga Nuwamba

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Abubakar bai yi ƙarya ba, sai dai bai fahimci aikin ba.

Da na buɗe piyanon, na ga wasu ƙananan madannai huɗu a gefe, kowanne na ba da ƙarar ganga. Shekara biyu kuna da ganga a hannu ba ku sani ba! Na liƙa wa kowane madanni waya biyu da dalma, na jawo su waje. Waya ɗaya na jikin murfin kwano, ɗaya na jikin ƙusa a ƙarƙashinsa, da ɗan soso a tsakani. In aka bugi murfi ya taɓa ƙusa, sai lasifika ta ce dim.

Murafan naki ne. Na ɗauko su zuwana na ƙarshe. Ki gafarce ni, ki gaida Baba Dudu.

Matsala ɗaya ta rage. Na kafa su duka a kan katako guda, amma in na bugi ɗaya, sai huɗun su amsa tare. Na sake waya sau uku, na kankare fenti, na sa sabon batir. Jiya maigidana ya yi tari kusa da katakon, sai ganga ta buga.

Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki mai biyayya, Dauda

Wara, 13 ga Nuwamba

Dauda,

Ina gaishe ka don wajibi ne.

Sau huɗu na karanta wasiƙarka, ina fatan ni ce ban iya karatu ba. Na kai wa malami ya karanta, ya ce haka ɗin ne, sannan ya fita waje ya yi ta dariya. Wa ya aike ka neman ganga? Muna da ganga! Ta fata, wadda ba ta cin batir!

Na kai wa Dudu busasshen kifi na ba ta haƙuri. Ta karɓi kifin, ta ce in gaida ɓarawo.

Ran Lahadi Tamada ta tare ni a ƙofar coci, ta ce, "Laraba, ɗan naki ƙera sabo yake yi?" Na ce ƙara masa kyau ake yi. Na yi ƙarya a ƙofar coci, Dauda, da Littafi a hammatata.

Kuma kana taɓa waya da hannu. In wutar Kainji ta ja ka, mi zan fara yi, kuka ko neman piyano? Ka riƙa sa takalmin roba.

Game da murafan da ke amsawa tare, ban san waya ba, amma na san kwano. In ina daka kusa da kantar da nake jere, kwanukan da ke kai duk rawa suke yi, ba don na taɓa su ba, katakon ne ke kai musu labari. Sai na ɗora kowanne a kan gammo, su yi shiru. Ga gammo huɗu nan na ba Abubakar, tsohon zanena na yaga. Ka kafa kowane murfi tare da ƙusarsa a kan ɗan guntun katako daban, ka ɗora a kan gammo. In bai yi ba, ka mai da hanjin ciki ka rufe, ka aiko mini in je in faɗi gaskiya.

Innarka da ba ta cin abinci, Laraba

Yelwa, 27 ga Nuwamba

Inna,

Gaisuwa da ban girma. Gammo ya yi! Kowane murfi yanzu da muryarsa yake magana. Maigidana ya ce ko za ki zo ki kama aiki.

Batir shida ne ke tafiyar da piyanon, ba wutar Kainji ba, ko kaza ba zai ja ba. Ga shi nan wurin Abubakar, kada a ɗora masa buhu. Babban murfi ne uwar ganga, mai fure kuma shi ke cewa tas. In ɗaya ya yi shiru, a duba inda murfi ke taɓa ƙusa.

Madannin da kika aiko a gyara, shi ne ban samu lokacinsa ba.

Ba zan samu zuwa taron ba, aiki ya yi yawa. Ba tsoron Mama Tamada nake ba.

Ɗanki, Dauda

Wara, 2 ga Disamba

Ɗana Dauda,

Gaisuwa, da godiya ga Allah.

An yi taro. Da aka yaye zanen da na rufe piyanon da shi, Tamada ta dubi wayoyin, ta dube ni, ta ce, "Laraba, wannan piyano ne ko komar kifi?" Dudu daga baya ta ce, "Ga murafan da na sata can!" Na so ƙasa ta tsage.

Ba wadda ta yarda ta taɓa, sai ni. Na ɗauki muciya ƙarama na bugi babban murfi. Shiru. Mata ɗari biyu na kallona. Na ɗaga murfin, na ga tsatsa ta kama kan ƙusar. Na aika aka ɗebo toka a murhu, na goge ta kamar gindin tukunya. Na sake bugawa. Dauda, wata tsohuwa daga Shanga sai da ta yar da sandarta.

Waƙa bakwai muka yi. Yanzu an naɗa ni mai kiɗa, tunda ni na jawo. Tamada kuma na ta gaya wa baƙi cewa ita ta zaɓe ka tun farko.

Matan Shanga da na Ngaski sun ce za su aiko maka da nasu piyanon. Na ce musu ka koma Legas. Saboda haka kada in ga ƙeyarka a Wara sai bayan sabuwar shekara.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Innarka, Laraba